Ku Tambaya Mu Amsa: Wai shi Gwamnan Babban Banki wane irin gwamna ne?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan rabinsu a kan mutum ɗaya suke, wato Gwamnan Babban Bankin Najeriya, CBN, sai na ce bari kawai na tattara su wuri guda na amsa. Waɗanda suka turo tambaya a kan wasu abubuwan daban ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam barka da aiki. Don Allah ni dai kullum ina jin ana cewa gwamnan CBN yace kaza, gwamnan CBN yayi kaza, to wai shi wane irin gwamna ne da bashi da jiha kuma ba mu muka zaɓe shi ba? Sannan wani abokina yace min wai shine yake riƙe da injin buga kuɗi duk sanda ya ga dama sai ya kunna, to in dai haka ne me zai hana ya buga da yawa a rarraba wa talakawa kowa ya huta? Daga ɗalibinka ɗan ajin ƙarshe a sakandare.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena, tambayarka ta ban dariya amma wallahi tambaya ce mai kyau, manya da yawa suna da ita a ciki kunya ce kawai ta hana su yi.

Fara da wannan, in akwai takardar naira dubu kusa da kai ɗauko ta ka duba gabanta. Za ka ga dattawa biyu a jere, to waɗannan ba shugabannin ƙasa ba ne, ba kuma sojoji ba ne, tsofaffin gwamnonin Babban Banki ne, Alhaji Aliyu Mai-Bornu da Dakta Clement Isong. Sannan ka duba za ka ga an sa hannu sau biyu, ɗaya na Gwamna ɗaya na daraktan da ke kula da harkar takardun kuɗi. Wannan sa hannun shi ne tushen maganar gaba ɗaya, don ita takardar da kanta ba komai ba ce face takarda da fenti, abin da ya sa ɗan kasuwa yake karɓarta ya miƙo maka kayansa shi ne ya yarda gobe shi ma wani zai karɓa a hannunsa da darajarta, kuma mutumin da aka ɗora wa alhakin kada wannan yardar ta karye shi ne Gwamna.

Sunan gwamna kuwa gado ne daga Ingila. Lokacin da aka kafa Bankin Ingila a 1694 shugabansa na farko, wani attajiri Sir John Houblon, da wannan laƙabin aka kira shi, sai ƙasashen da Ingila ta mulka suka ɗauka. Ba ko'ina ake cewa gwamna ba, Amurka da Babban Bankin Turai shugaba suke cewa, amma aikin kusan ɗaya ne. Babban bankin da ya fi kowanne daɗewa a duniya ma ba na Ingila ba ne, na Sweden ne tun 1668.

Shi wannan bankin ba irin wanda za ka shiga ka ja layi ka buɗe asusu ba ne. Kwastomominsa biyu ne, gwamnati da sauran bankuna. Shi ke fitar da naira, shi ke riƙe asusun ajiyar kuɗaɗen waje na ƙasa, shi ke ba bankuna lasisi ya sa musu ido ya kuma ƙwace lasisin in sun yi ba daidai ba, shi ke ba su rance in sun shiga matsi ba su da wurin zuwa, kuma shi ne mai ba gwamnati shawara kan harkar kuɗi. Amma in ka buɗe dokar bankin ta 2007 aikin da aka fara rubutawa a sama da komai shi ne tsare darajar kuɗi da hana farashi tashin gwauron zabi.

To yanzu maganar inji. Na farko dai ba a ofishinsa injin yake ba, akwai kamfanin buga kuɗi na ƙasa daban, kuma doka ta ce duk sabuwar takarda ko sabon fasali sai shugaban ƙasa ya amince. Na biyu, wanda shi ne muhimmi, ka ɗauka a kasuwa akwai buhu ɗari na kaya kuma kuɗin da ke hannun masu saye gaba ɗaya naira miliyan ɗaya ne, sai cikin dare aka ninka wa kowa kuɗinsa, to da safe buhun nan fa yana nan ɗari bai haihu ba, abin da zai faru kawai shi ne mai buhu zai ga mutane sun yi masa caa da kuɗi a hannu sai ya ninka farashi, shikenan an koma gidan jiya, wanda ya sha wahala ya yi tanadi kuma an cinye masa rabi ba tare da ɓarawo ya shiga ɗakinsa ba. Zimbabwe ta gwada wannan shawarar ta abokinka zamanin da Gideon Gono yake gwamnan babban bankinsu, aka yi ta bugawa ana ƙara sifili har a farkon 2009 suka fitar da takarda guda ɗaya mai tiriliyan 100, ƙarshe dai mutane suka watsar da kuɗin ƙasarsu suka koma dalar Amurka da kuɗin Afirka ta Kudu.

Makamin da Gwamna ya fi amfani da shi a zahiri kuɗin ruwa ne. Akwai kwamiti na mutum 12 da yake shugabanta, shi da mataimakansa huɗu da wasu bakwai, galibi duk wata biyu suke zama su jefa ƙuri'a. In farashi yana gudu sai su ɗaga kuɗin ruwa, rance ya yi tsada, kuɗin da ke yawo ya ragu. A 2024 kaɗai an ɗaga shi daga kashi 18.75 zuwa 27.5 cikin ɗari, shi ya sa ka ji masu masana'antu suna ta kuka a lokacin, don maganin nasa ɗaci gare shi kuma ba ya aiki nan take.

TAMBAYA: Malam barka da ƙoƙari. Ni tsohon ma'aikacin gwamnati ne na yi ritaya, na ga zamanin fam da sule da idona. Muna gardama da jikokina kan su wa da wa suka riƙe bankin nan tun farko, ni na ce Bature ne ya fara su kuma sun ce a'a. A raba mana gardama, kuma a faɗa mana wane ne ya fi daɗewa.

AMSA: Ranka ya daɗe Baba, kai ne da gaskiya, a gaya wa jikoki su biya tara.

Kafin a yi Babban Banki, wata hukuma ce ta Turawa da aka kafa a 1912 mai ofis a Landan take fitar da kuɗi ɗaya wa Najeriya da Ghana, wadda a lokacin ake kira Gold Coast, da Saliyo da Gambiya. Ita ba ruwanta da wani tsari ko bunƙasa tattalin arziki, ka kawo fam na Ingila ta ba ka fam na Afirka ta Yamma, iyakar aikinta kenan. Da 'yan kishin ƙasa suka fara neman banki na kansu a farkon shekarun 1950, jami'in Bankin Ingila da aka fara turowa ya duba cewa ya yi lokaci bai yi ba tukuna. Sai a 1958 aka yi dokar, bankin ya fara aiki ranar 1 ga Yulin 1959, gwamna na farko kuma Roy Pentelow Fenton, wanda shi ma daga Bankin Ingila aka aro shi, ya riƙe har 1963.

Ɗan ƙasa na farko shi ne Aliyu Mai-Bornu, 1963 zuwa 1967. Haifaffen Yola ne, kuma abin da yake burge ni da tarihinsa shi ne malamin makaranta ne fa, ya daɗe yana riƙe da alli kafin ya tafi jami'ar Bristol a Ingila ya karanta tattalin arziki da girmansa, ya dawo ya shiga bankin tun bankin yana jariri ya hau har saman. Allah ya yi masa rasuwa a 1970.

Clement Isong shi ya karɓa a 1967, wato a daidai lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke, kuma a hannunsa aka fara ganin cewa kuɗi ma makami ne. A Janairun 1968 aka canja takardun kuɗin Najeriya cikin gaggawa, duk tsofaffin takardun da ke jibge a ɓangaren Biyafara waɗanda suke sayen makamai da su suka zama takardar banza, dole suka buga nasu fam ɗin. Shi ne dai har ila yau ya jagoranci komawa naira da kwabo ranar 1 ga Janairun 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ɗaya ya zama kwabo goma. Baba kai shaida ne, daga nan ne aka samo lissafin jaka, tunda jaka ɗaya fam ɗari ce sai ta zama naira 200, har yau in dattijo ya ce jaka biyar yana nufin naira dubu, yaran yanzu kuwa sai su tsaya suna ƙifta ido. Isong daga baya ya zama gwamnan jihar Kuros Riba a 1979.

Malam Adamu Ciroma ya zo a 1975 zamanin Murtala, bai cika shekara biyu ba ya sauka a 1977 ya nufi siyasa. Shi tarihi ya karanta a Ibadan kuma ɗan jarida ne, tsohon editan New Nigerian, wanda ya nuna maka a wancan lokacin ba lallai sai ma'aikacin banki ba. A zamaninsa aka fitar da naira ashirin mai hoton Murtala a Fabrairun 1977. Sai Ola Vincent daga 1977 zuwa 1982.

Wanda ya fi kowa daɗewa shi ne Alhaji Abdulkadir Ahmed, mutumin Jama'are, daga 1982 zuwa 1993, shekara goma sha ɗaya, ya yi da Shagari ya yi da Buhari ya yi da Babangida har ya taɓa 'yan makonni da Shonekan. Kuma gaskiya bai hau a sa'a ba, don kuɗin mai ya faɗi, bashi ya yi katutu. A lokacinsa aka yi canjin launin kuɗi na Afrilun 1984 wanda aka rufe iyakoki aka ba mutane 'yan kwanaki su kai tsofaffin kuɗinsu banki, a lokacinsa ne kuma aka shigo da tsarin SAP na yi wa tattalin arziki garambawul aka buɗe kasuwar gwanjon dala a Satumban 1986, daga nan naira ta kama gangara. Mutane suna ɗora wa Babangida wannan, kuma da gaskiyarsu, don a zamanin soja gwamnan banki ba shi da wani ta cewa sosai in an yanke hukunci a sama.

Paul Ogwuma, 1993 zuwa 1999, shi ya yi da Abacha, zamanin da dala take naira 22 a hukumance amma a kasuwa ta haura 80, kowa ya samu ta gwamnati ya kwana attajiri, hauhawar farashi ta wuce kashi 70 a 1995, kuma a Janairun 1998 aka soke lasisin bankuna 26 a tashi ɗaya. Bayansa Joseph Sanusi daga 1999 zuwa 2004, kada sunan ya ruɗe ku, shi mutumin jihar Ondo ne ba dangin na Kano ba ne, a hannunsa aka fitar da naira 100 da 200 da 500.

Charles Soludo ya zo a 2004 da zafinsa, wata ɗaya da 'yan kwanaki da hawansa ya tara shugabannin bankuna ya ce musu jarin kowane banki ya tashi daga naira biliyan 2 zuwa biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, wanda ba zai iya ba ya nemi abokin haɗewa ko ya rufe. Bankuna 89 suka koma 25. Shi ya fitar da naira dubun da na yi magana a 2005. A 2007 kuma ya zo da shirin goge sifili biyu daga naira, Shugaba 'Yar'aduwa ya taka masa birki aka ce bai nemi izini ba. A shekarar ce kuma aka fitar da sababbin ƙananan takardu babu rubutun ajami, abin da har yau wasu ba su huce ba, alhali rubutun nan Hausa ce zalla, a jikin dubu ɗaya abin da aka rubuta kawai naira dubu ne, don wanda bai yi boko ba ya san abin da ke hannunsa.

Sanusi Lamido Sanusi ya hau a Yunin 2009, ranar 14 ga Agusta ya sallami shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya ya zuba naira biliyan 420 don kada su durƙushe da kuɗin mutane, bayan an ƙarasa binciken sauran jimillar ta kai biliyan 620. A zamaninsa aka kafa AMCON a 2010 don ta saye ruɓaɓɓen bashi, kuma aka ba bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa lasisi, Jaiz ya fara aiki a 2012 bayan an sha surutu. Sai Godwin Emefiele daga 2014 zuwa 2023, sai Olayemi Cardoso daga Satumban 2023. Tsakani an yi riƙon ƙwarya sau biyu, Sarah Alade a 2014 da Folashodun Shonubi a 2023, dalilin riƙon ƙwaryar kuwa yana cikin tambaya ta gaba.

TAMBAYA: Malam ni malamar makaranta ce, abin da ya ɗaure min kai shine ana ta cewa wai babban banki mai cin gashin kansa ne shugaban ƙasa ba zai iya taɓa gwamnansa ba, amma da idonmu mun ga an cire Sanusi mun ga an cire Emefiele har an tafi da shi, to ina cin gashin kan yake? Kuma ni a ganina ma tunda shugaban ƙasa muka zaɓa ai shi ya kamata ya juya kowa, in ba haka ba wa za mu kama in abu ya lalace?

AMSA: Malama sannu da ƙoƙari, kin taɓo inda gizo ke saƙa.

A takarda abin a fili yake. Shugaban ƙasa ne ke zaɓo mutum, Majalisar Dattawa ta tantance ta amince, wa'adi shekara biyar, ana iya sabuntawa sau ɗaya. In kuma shugaban ƙasa yana so ya cire shi to sai kashi biyu bisa uku na sanatoci sun goya masa baya. Amma dokar ta yi maganar cirewa ne, ba ta fito ta yi maganar dakatarwa ba, to ta wannan kafar ake bi. Ranar 20 ga Fabrairun 2014 Sanusi yana Yamai wajen taro ya ji Shugaba Jonathan ya dakatar da shi, fadar shugaban ƙasa ta ce ya yi sakaci da kuɗin banki, shi kuma ya ce don ya tona cewa dala biliyan 20 na kuɗin mai ba su shiga asusun gwamnati ba ne. Ya garzaya kotu, to dama wa'adinsa saura 'yan watanni, a Yunin shekarar kuma ya zama Sarkin Kano. Emefiele shi ma dakatarwa ce, ranar 9 ga Yunin 2023, kwana goma sha ɗaya da rantsar da Shugaba Tinubu, daga baya aka gurfanar da shi kan tuhume-tuhume da ya musanta. Duka biyun babu wanda aka kai gaban sanatoci aka ƙirga ƙuri'a.

Yanzu ɗaya ɓangaren tambayar taki, me ya sa ma ake son a raba shi da shugaban ƙasa. Dalilin ba wai don gwamnan banki ya fi kowa ilimi ko tsoron Allah ba ne. Dalilin shi ne duk gwamnatin duniya tana son kashe abin da ya fi wanda take samu, musamman in zaɓe ya matso, kuma hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta aika wa babban banki takarda ta ce a ranta mata, shi kuma bankin ba daga wani rumbu yake ɗebowa ba, ƙirƙirar kuɗin yake ya rubuta a asusu. Ƙarin haraji sai an je majalisa an sha zagi, wannan kuwa shiru ake yinsa, sai bayan shekara ɗaya ko biyu ki ga albashinki yana nan yadda yake amma ba ya kai ki tsakiyar wata. To shi ya sa ake so wanda ke riƙe da makullin ya zama mutum ne da zai iya kallon wanda ya naɗa shi ya ce ranka ya daɗe wannan kam ba zai yiwu ba, kuma ya kwana a kujerarsa.

Dokar 2007 yadda aka rubuta ta ta ce irin wannan rancen kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnati na shekarar da ta gabata, kuma a biya kafin shekara ta ƙare. Zuwa ƙarshen mulkin Buhari bashin ya taru ya kai naira tiriliyan 22.7, har sai da aka kai wa Majalisar Dattawa a Mayun 2023 ta amince a mayar da shi bashi na dogon zango. Ni a nawa ganin wannan shi ne babban abin da za a tuna zamanin Emefiele da shi, ya fi ma canjin kuɗi, illa dai shi canjin kuɗi kowa ya ji a jikinsa. Kin tuna ai, a Oktoban 2022 aka sanar za a sauya 200 da 500 da 1000, aka sa wa'adin 31 ga Janairu aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin ba su wadata ba, mutum da kuɗinsa a asusu yana kwana a layin ATM yana sayen naira da naira a wajen masu POS, har jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ita kuma ranar 3 ga Maris 2023 ta ce tsofaffin takardu su ci gaba da aiki. Ga kuma bankin ya shiga rabon rancen noman shinkafa tun 2015, aikin da asali na ma'aikatar gona ne da bankunan kasuwanci, ga shi a 2022 wasu sun saya masa fom ɗin takarar shugaban ƙasa na naira miliyan 100 yana kan kujera. Alkalin wasa in ya sa rigar ƙungiya ɗaya ai wasa ya tashi.

Amma fa kada ki ɗauka mu kaɗai ne. A Turkiyya Shugaba Erdogan ya kori gwamnoni uku tsakanin 2019 da 2021, na ukun Naci Agbal kwana biyu kacal bayan ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 19, aka kawo mai saukewa, zuwa Oktoban 2022 hauhawar farashi a can ta haura kashi 85. Misalin da ake bayarwa na ɗaya gefen kuma Paul Volcker ne na Amurka, wanda Shugaba Carter ya naɗa a 1979 farashi na tashi da fiye da kashi goma a shekara. Mutumin nan ya ɗaga kuɗin ruwa har kusan kashi 20, kamfanoni suka rufe, rashin aikin yi ya wuce kashi goma a 1982, manoma suka shigo Washington da taraktoci suka tare ƙofar bankin, ya toshe kunnensa, zuwa 1983 hauhawar ta sauko ƙasa da kashi huɗu. Ba wai ina cewa duk wanda ya ƙuntata wa mutane gwarzo ba ne, a'a, abin lura shi ne Reagan da ya gaji Carter bai kore shi ba duk da zafin da ake sha, ƙara masa wa'adi ma ya yi. Ita kanta Ingila da ta koya mana sunan sai a 1997 gwamnati ta sakar wa bankinta ikon yanke kuɗin ruwa.

Maganarki ta wa za a kama kuwa tana kan hanya, don cin gashin kai ba tare da mai tambaya ba shi ma bala'i ne. Shi ya sa doka ta ce Gwamna ya riƙa bayyana gaban majalisa yana bayani, a riƙa bincika littattafan bankin ana wallafawa. Inda muke samun matsala shi ne shekaru sukan wuce ba a ga rahoton ba kuma masu tambayar ba su tambaya ba, sai gwamnati ta sauya sannan kowa ya tuna akwai doka.

TAMBAYA: Gaisuwa Malam, ni daga Jamhuriyar Nijar nake bibiyar wannan fili. Mu nan bamu taɓa jin ance gwamnan babban bankin Nijar ba, shin bamu da shi ne?

AMSA: Ɗan'uwa muna gaisuwa. Kuna da shi, sai dai na tarayya ne. Nijar da Benin da Burkina Faso da Kodebuwa da Gini Bisau da Mali da Senegal da Togo, ƙasashe takwas, banki ɗaya gare su, BCEAO, hedikwatarsa a Dakar, gwamna ɗaya, a kowace ƙasa kuma akwai darakta na ƙasa. Shugabannin ƙasashen ne ke naɗa gwamnan, kuma bisa al'ada ɗan Kodebuwa ake ba wa tunda ita ce mai tattalin arziki mafi girma a cikinsu. Alassane Ouattara kansa ya riƙe kujerar daga 1988 kafin a kira shi gida ya zama firaminista a 1990, a 2022 kuma aka naɗa Jean-Claude Kassi Brou.

Hannun gwamnan naku a ɗaure yake fiye da namu, don sefa a liƙe take da yuro, sefa 655.957 a yuro ɗaya, ba ta motsi. Ribar ita ce farashi ba ya hauka irin na naira, kuma babu shugaban ƙasa ɗaya da zai aika a buga masa kuɗi. Hasarar kuma kun gan ta sau biyu, a Janairun 1994 da aka wayi gari an raba darajar sefa biyu, da kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023 da aka sa takunkumi aka riƙe kuɗin gwamnatin Nijar da ke bankin har zuwa Fabrairun 2024.

TAMBAYA: Malam a taƙaice, mace ta taɓa riƙe wannan kujera kuwa? Ɗiyata ce ke karanta tattalin arziki take tambaya.

AMSA: Hajiya a gaishe da ɗiyar tamu. A Najeriya dai cikakkiyar gwamna ba a yi ba tukuna, Sarah Alade ta yi riƙo na wata uku da 'yan kwanaki a 2014, Aishah Ahmad kuma ta yi mataimakiyar gwamna daga 2018 zuwa 2023. A waje kuwa an yi, Gill Marcus ta riƙe na Afirka ta Kudu daga 2009 zuwa 2014, Janet Yellen ta riƙe na Amurka daga 2014 zuwa 2018, Christine Lagarde kuma ta karɓi na Turai a 2019. Ki ce mata ta dage da lissafi da ƙididdiga, kada ta tsaya a haddar ma'anoni kawai, don a zaman kwamitin nan da alƙaluma ake gardama.